Rasuwar Sarkin Noma Sabo Kafin Dogara: Burtalinsa Ba Zai Rufu Ba

Cikin alhini mai nauyi, da cikakkiyar sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Garma da Garke ta Manoma da Makiyayan Birnin Kudu da Gwaram ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, kuma Uban Ƙungiya har ƙarshen rayuwarsa, Alhaji Sabo Ismail, Sarkin Noman Kafin Dogara da ke mazaɓar Dingaya a ƙaramar hukumar Gwaram, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Litinin, 16 ga Shawwal 1446, daidai da 14 ga Afrilu 2025, a asibiti a Birnin Kudu, yana da shekara tamanin da shida, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun cikin goman ƙarshe na azumi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura bayan la'asar a mahaifarsa, ƙarƙashin jagorancin Limamin Kafin Dogara, Malam Aminullahi, a gaban jama'ar da ta taho daga Sara da Wurno da Gwaram da Birnin Kudu, da rugagen da ke kewaye, har sahu ya fita daga filin idi ya shiga gonaki.

A madadin Shugaban Ƙungiya, da Majalisar Dattawanta, da ɗaukacin mambobinta manoma da makiyaya, maza da mata, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidan marigayi, Hajiya A'i, wadda suka yi zaman aure na fiye da shekara sittin. Da babban ɗansa, Malam Ahmad Sabo. Da 'yarsa, Hajiya Ummussalma, malamar dabbobi. Da Malama Saudatu, da sauran 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Da amininsa kuma abokin tsokanarsa, Arɗo Jafaru, shugaban makiyayan yankin. Da Mai Girma Dagaci da masu unguwanninsa. Da duk wanda ya taɓa cin amfanin hannun wannan bawan Allah, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba al'adar wannan ƙungiya ba ce ta haɗa ta'aziyya da taƙaddama. Amma a lokacin da marigayi yake kwance a gadon asibiti, wasu mutane sun shiga burtalin da ya yanka daga gonarsa ya bar wa shanu kusan shekara arba'in da suka wuce, suka sare shingen aguwar da ke gefensa biyu, suka kafa turakun siminti a bakinsa, suka ce sun saya. Garkunan da suka tafi kudu cin rani suna kan hanyar dawowa, kuma za su iso ne daidai lokacin da shuka take fitowa. In suka tarar da burtalin a rufe, ba su da wata hanya zuwa mashaya sai ta cikin gonakin mutane. Saboda haka ba za mu iya yin maganar rayuwar Sarkin Noma mu tsallake maganar burtalinsa ba, domin in mun yi haka mun binne shi sau biyu. Za mu fara da rayuwar, don a san abin da ake neman rufewa.

An haifi Alhaji Sabo a gidan manoman fartanya, a zamanin da girman gona bai wuce ƙarfin bayan mai ita ba. Yana saurayi, a farkon shekarun 1960, ya je gandun gwamnati ya koyi noma da garmar shanu, ya dawo da bijimai biyu da garma ɗaya, ya zama abin dariyar Kafin Dogara. Tsofaffi suka sa masa suna Ragon Ismail, wai ya gaji da sunkuyo ya ɗora wa dabba wahalarsa. Bai yi musu da kowa ba. Ya yi huɗar gonarsa, ya wuce ya yi ta mai unguwar da ya fi kowa yi masa ba'a, bai karɓi komai ba sai ruwan sha. Kafin damina uku ta zagayo, masu dariyar ne suke sammako ƙofar gidansa neman layi, shi kuma yana tsokanarsu: "Yau ma an zo gaida rago?" Daga nan ya shiga koya wa matasa horar da shanun huɗa, kuma yawancin masu garma na farko a tsakanin Dingaya da Sara a hannunsa suka fara riƙe igiya.

Da kuturtar gyaɗa ta cinye amfanin wannan yanki a 1975, mutane da dama suka tattara suka tafi birni, shi sai ya sauya tsarin gonarsa gaba ɗaya. Ya rage gyaɗa, ya shigo da wake mai saurin nuna da riɗi, ya riƙa juya shuka shekara-shekara don kada ƙuduji ya samu wurin zama a gonar dawa. Ya hana ƙona kara a gonarsa tun kafin malaman gona su fara wa'azin hakan a rediyo. Shi ne ya fara yin doguwar rumfa don ajiye harawa nesa da rana da gara, yana cewa manomin da ya bar harawarsa ta bushe a kan bishiya har ta zama ƙaiƙayi ya yi wa bazara alkawarin dabbarsa. Ba mutum ne mai taushin baki ba, kuma ba za mu ƙawata shi da halin da ba nasa ba yanzu da ba ya nan. In ya ga kunya a karkace sai ya faɗa a gaban kowa, ko ta wane ce. Akwai dattawa a wannan ƙungiya da suka yi wata guda ba su gaisa da shi ba saboda maganar taki, daga baya suka dawo suka tarar ya ajiye musu iri.

A fannin kiwo kuwa, aikinsa ya fi shahara. Ya zaɓi farar saniyar Bunaji, ya tsaya a kanta, ya riƙa tace garkensa da haƙuri: maraƙin da bai cika ba a dandaƙe shi ya tafi huɗa, wanda ya cika a bar shi ya yi barbara. Shi ya ƙirƙiro abin da muke kira bijimin zagaye, wato zaɓaɓɓen bijimi da yake yawo daga unguwa zuwa ruga, kowa ya kawo saniyarsa, Bahaushe ko Bafulatani, ba a biyan komai sai damin harawa na ciyar da shi. Dokarsa ɗaya ce, kuma bai taɓa sassauta ta ba: bijimi ba ya wuce shekara uku a zagaye ɗaya, don kada ya dawo kan 'ya'yansa iri ya lalace. A 1983, da annobar bushiya ta shigo tana kashe shanu garke-garke, makiyaya da yawa suka gudu daji da dabbobinsu saboda tsoron allurar riga-kafi. Alhaji Sabo ya koro nasa garken gaba ɗaya zuwa bakin kasuwa, ya sa aka fara da saniyar da ya fi so, a gaban idon kowa, sannan ya bi ruga-ruga a kan keke yana cewa duk wanda saniyarsa ta mutu saboda allura ya zo ya zaɓi ɗaya a nasa. Ba wanda ya zo zaɓa. Waɗanda suka fito suka tsira da dukiyarsu, kuma jikokin waɗannan shanu ne suke dawowa daga kudu a yanzu.

Bai kuma ɓoye kuskurensa ba, don haka mu ma ba za mu ɓoye ba. Ya taɓa sayo saniyar Turai mai yawan nono, ya gina mata rumfa ta musamman, yana yayyafa mata ruwa da rana kamar mai jego, amma ba ta ga ƙarshen bazararta ta farko ba. Arɗo Jafaru bai bar shi ya huta da wannan magana ba har tsufansu. Duk inda suka haɗu, ko a taron ƙungiya ne, sai Arɗo ya gyara sandarsa ya ce, "Kaɗo mai shanu, ina Baturiya?" Shi kuma ya amsa, "Tana gaishe ka, manomin dole. An ce masararka ta bana ta kai gwiwar akuya." Daga wannan asara ya ɗauki darasin da ya riƙa maimaita wa matasa, cewa a gyara abin da ƙasar ta riga ta karɓa kafin a ɗauko abin da ba ta sani ba.

Sai dai abin da ya sa sunansa ya wuce na kowane manomi a wannan yanki ba a gona ya fara ba, a makoki ya fara. A kakar 1985, bayan farin da ya gabata ya ƙone wuraren kiwo, shanu suka sauko fadamar Kafin Dogara neman ruwa tun ba a gama girbi ba. Tsohuwar hanyarsu ta riga ta shige cikin gonaki, kowa ya ɗan ci kunya ɗaya daga gefensa har ta ɓace. Wani garke ya ratsa ta cikin dawa, aka yi cacar baki, aka zare sanduna, kuma kafin a raba, ƙanin Alhaji Sabo, Malam Salihu, ya faɗi a gindin kukar da ke bakin fadama, bai tashi ba. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Matasan gari suka taru a ƙofar gidan Alhaji Sabo da kwari da baka, suna jiran ya ce musu su tafi ruga. Waɗanda suke wurin, kuma wasunsu suna cikin Majalisar Dattawanmu a yau, sun shaida cewa ya fito ya dube su ya ce: "Ni aka kashe wa ƙani, ba ku ba. Wanda ya yi, hukuma ta kama shi. Duk mai son ya taya ni baƙin ciki ya ajiye baka ya ɗauko dagi."

Da bazara ta zo, ya nuna abin da yake nufi. Ya yanki tsiri daga gonarsa ta gado, wadda ta fi kowace gona tasa kyau, tun daga kan tudu har zuwa mashaya, da faɗin da garke zai wuce ba tare da ya gogi shuka ba. Ya bi maƙwabtansa huɗu da hanyar za ta ratsa gefen gonakinsu, ya musanya musu da wata ƙasar tasa a wani wuri, don tsirin ya zama nasa shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Sannan ya tashi a masallaci bayan sallar Juma'a, a gaban Liman na lokacin da Dagaci da mahaifin Arɗo Jafaru, ya furta cewa ya fitar da wannan ƙasa daga dukiyarsa, ya mayar da ita waƙafi saboda Allah, hanyar dabbobi zuwa ruwa, ladan ya tafi ga Salihu. Malam Aminullahi, Limaminmu na yanzu, shi ne ladanin da ya maimaita maganar da ƙarfi don na waje su ji. Yana raye, hankalinsa garau, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Ya san furuci ba ya tare saniya, kuma ba ya hana manomi cin kunya ɗaya. Don haka ya shinge burtalin gefe biyu da aguwa, wannan tsiro mai farin ruwa da dabba ba ta ci, wanda ba ya buƙatar ban-ruwa. Ya kuma kafa al'adar da ƙungiyar nan ta tsiro daga cikinta, wato gayyar aguwa. Kowace shekara a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko, manoma da makiyaya suke haɗuwa su cike gurbin da shingen ya mutu. Ya tsara aikin ta yadda ba wanda zai yi shi shi kaɗai: manomi ne yake haƙa rami, makiyayi ne yake dasa reshe. Matan gari suna kawo fura, matan ruga suna kawo nono, a dama a gindin kukar da Salihu ya faɗi. Wani ya taɓa tambayarsa me ya sa ba za a bar kowane ɓangare ya yi gefensa ba, aiki ya fi sauri. Ya ce, "Ba saurin nake nema ba. So nake mutumin da zai zare maka sanda da kaka ya tuna ku biyu kuka durƙusa a rami ɗaya da bazara."

Sakamakon a bayyane yake ga duk mai son dubawa. Tun daga wancan lokaci ba a sake zubar da jini a fadamar Kafin Dogara ba, alhali an yi a wuraren da ba su da nisa da mu. Ana samun ɓarna jefi-jefi, ana kuma sasantawa a gaban Arɗo da Sarkin Noma kafin rana ta faɗi. Bayan girbi, garkuna suna bin burtalin su hau gonaki su ci kara su kwana, su bar taki, kuma manoman da suke karɓar shanu a gonakinsu sun san bambancin damin da suke ɗaurewa. Bijimin zagaye ma ta nan yake bi. Wannan tsirin ƙasa shi ne ƙashin bayan duk abin da Alhaji Sabo ya gina.

Yanzu ga abin da ya faru, kamar yadda muka tabbatar daga shaidun gani da ido. A makon da ya biyo bayan ƙaramar salla, da rana tsaka, wata mota ta sauke ma'aikata ɗauke da adduna a bakin burtalin. Suka sare aguwar tun daga gindin kuka har zuwa mashaya, suka watsar da rassan a gefen hanya, suka kafa turakun siminti a mashigar tudu. Da mai unguwa ya tambaye su, suka ce wani kamfanin noman rani ne ya aiko su, kuma ya sayi fadamar haɗe da tsirin daga hannun wani da ya ce yana da rabo a gadon Alhaji Sabo. Ba za mu ambaci sunan kamfanin ko na mai sayarwar a cikin saƙon ta'aziyya ba, domin ba su cancanci zama a takarda ɗaya da sunan marigayi ba. Sunayen suna gaban hukuma. Amma muna jan hankalin jama'a ga abu biyu. Na farko, a ranar da aka ce an yi wannan ciniki, Alhaji Sabo yana da rai, yana magana, yana gane masu zuwa duba shi, kuma ba a gadon mai rai. Na biyu, ko bayan rasuwarsa, abin da mutum ya fitar daga dukiyarsa ya yi waƙafi da shi a gaban shaidu, aka kuma yi ta amfani da shi shekara da shekaru a kan haka, ba ya komawa cikin abin da magada za su raba. Wanda ya sayar ya sayar da abin da ba nasa ba. Wanda ya saya ya san inda zai nemi haƙƙinsa, kuma ba a kan hanyar shanu ba ne.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne, wakilan wannan kamfani sun zo zaman makoki, sun zauna a kan tabarma, sun ɗaga hannu an yi addu'a da su, sannan suka ja Malam Ahmad gefe suka ce suna so a zauna a fahimci juna kafin a raba gado, har da alkawarin za su haƙa wa makiyaya rijiya a wani wuri. Malam Ahmad ya amsa musu da ladabin da ya dace da mai karɓar gaisuwa, ya ce ba shi da abin da zai zauna a kai. Da maganar ta shiga cikin gida, Hajiya A'i, wadda take cikin takaba, ta aiko Hajiya Ummussalma da amsarta, ta kuma ba mu izinin sanar da ita ga jama'a kamar yadda ta faɗa: "A gaya musu ni na dama furar gayyar farko, da cikin Saudatu a jikina. Wanda ya sayar musu ya zo ya nuna mini reshe ɗaya da ya taɓa dasawa. In kuma rijiya suke son haƙawa, Allah Ya ba su lada, su haƙa, ba ta hana shanu wucewa." Magadan marigayi, maza da mata, sun sanar da Liman da Dagaci cewa ba ɗayansu da yake neman taƙi ɗaya na wannan tsiri a cikin rabonsa. Ƙungiya tana jinjina musu, tana kuma gargaɗin duk mai niyyar bin su ɗaya bayan ɗaya da daɗin baki ko da barazana, cewa wanda ya taɓa su ya taɓa mu gaba ɗaya.

Ba ma gaba da noman rani. Mambobinmu ne suke noman shinkafa da albasa da tumatir a fadamun wannan yanki, kuma marigayi da kansa yana cikin waɗanda suka fara sa injin ban-ruwa a nan. Duk mai son zuba jari a ƙasarmu muna maraba da shi, in ya shigo ta ƙofa. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne a toshe wa dabba ruwa, a tura ta cikin gonar talaka, sannan in an yi gawa a ce rikicin manoma da makiyaya ne, kamar daga sama ya faɗo. Mun san yadda ake haɗa irin wannan rikici, domin mun taɓa binne wanda rikicin ya ci. Mun kai ƙara gaban Mai Girma Hakimi da ƙaramar hukuma da jami'an tsaro, lauyan ƙungiya kuma ya shigar da maganar gaban kotu, da roƙon a cire turakun kafin garkuna su iso. Ba za mu taɓa turakun da hannunmu ba. Hukumar da ta dace ita za ta tuge su, kuma za mu yi ta zuwa ƙofarta kowace safiya har sai ta yi. Muna kira ga matasanmu na gari da na ruga da kada wanda ya ɗauki makami, kada wanda ya tare motar kowa, kada wanda ya je gidan wanda ake zargi. Wanda ya yi haka ba da yawun ƙungiya ya yi ba, kuma ya taimaki masu turaku ne, bai taimaki Sarkin Noma ba.

Shingen kuwa ba ya jiran kotu, domin ba a taɓa hana mutum dasa aguwa a inda aguwa take ba. A nan ne ya kamata jama'a su ji maganar ƙarshe da marigayi ya yi a kan wannan al'amari. Iyalinsa sun so su ɓoye masa labarin saboda halin da yake ciki, amma da Arɗo Jafaru ya je duba shi, ya kasa haɗa ido da shi, marigayi kuma ya matsa masa har ya faɗa. Arɗo ya shaida mana, Hajiya Ummussalma kuma tana tsaye a wurin, cewa Alhaji Sabo ya tambaya ko sun ƙona rassan. Aka ce masa ba su ƙona ba, sun dai watsar a gefen hanya. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce: "Ashe baƙi ne. Arɗo, ku gode musu, sun rage muku wahalar yanka. A kwashe a kai inuwa."

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san abin da yake nufi. Aguwa ba a shuka ta da iri, reshenta ake yanka, kuma ba a dasa shi ɗanye, sai an ajiye shi a inuwa ruwansa ya tsane, in ba haka ba ya ruɓe a rami. Lokacin yankanta kuma shi ne wannan da muke ciki, ƙarshen bazara. Yanka shi ne aikin da kowa yake gudu a gayya, saboda farin ruwan yana ƙona fata yana cutar da ido. Waɗanda aka aiko su kashe shingen sun yi mana wannan aiki a daidai lokacinsa, kuma sun yanka mana fiye da abin da muka taɓa yankawa a shekara ɗaya. Kututturan da suka bari a ƙasa za su toho da ruwan farko. Rassan kuwa matasan Kafin Dogara da na rugar Arɗo sun kwashe su tun marigayi yana raye, suna jere a ƙarƙashin rumfar harawarsa, sun tsane, suna jiran rami. Sun isa a mayar da shingen yadda yake, a kuma ninka shi.

Saboda haka Ƙungiyar Garma da Garke tana sanar da cewa gayyar aguwa ta bana tana nan, ba a ɗage ta ba, ba a kuma rage ta ba. Za a yi ta ranar Asabar, 26 ga Afrilu, bayan sallar asuba, a burtalin Kafin Dogara. Muna gayyatar rassanmu na Dingaya da Sara da Wurno da Gwaram da Birnin Kudu, da duk wanda saniyarsa ta taɓa haihuwar ɗan bijimin zagaye, da duk wanda garke ya taɓa kwana a gonarsa. Mun sanar da hukuma, mun kuma roƙi jami'an tsaro su zo su tsaya su gani da idonsu. Kowa ya zo da dagi da rawanin rufe fuska, a bar adda a gida, bana ba a buƙatarta. Tsarin yana nan yadda mai shi ya bari: manomi ya haƙa, makiyayi ya dasa. Wakilan kamfanin ma, in suna so, akwai fura.

Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta wa bawanSa Alhaji Sabo Ismail, Sarkin Noman Kafin Dogara, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sanya kowane ɗigon ruwa da dabba ta sha ta wannan hanya a mizaninsa da na ɗan'uwansa Malam Salihu, Ya haɗa su a Aljannar Firdausi. Allah Ya ba Hajiya A'i da 'ya'yanta da jikokinta haƙurin wannan babban rashi da ƙarfin tsayawa a kan abin da suka tsaya. Allah Ya ba Arɗo Jafaru haƙurin rashin abokin tsokana. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya dawo da garkunanmu lafiya, Ya sa su tarar da hanyarsu a buɗe. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Hajiya A'i ba za ta fito ba saboda takaba, amma ta aiko wa ƙungiya da dagin marigayi, wanda ya haƙa ramin farko da shi a 1986. Malam Ahmad ne zai riƙe shi, Arɗo Jafaru ya dasa. Za a fara daga gindin kuka.

Sa hannu:
Malam Taufiq Dogara Sara
Jami'in Yaɗa Labarai da Hulɗa da Jama'a
Ƙungiyar Garma da Garke ta Manoma da Makiyayan Birnin Kudu da Gwaram
A madadin Shugaba da Majalisar Dattawa
Juma'a, 20 ga Shawwal 1446 (18 ga Afrilu 2025)